Jan Zare a Maɗaurin Agogo

6 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Sakan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Mu nan sai godiyar Allah. Ummanki ta fara fitowa tsakar gida, tana kuma cin abinci ba sai an matsa mata ba. Yayanki ya koma koyarwa a ajinsa. Ni kuwa gwiwar nan ce dai, ita da matakalar kotu har yau ba su shirya ba.

Kin san kunnena ba ya jituwa da waya, shi ya sa nake rubuto miki. Kuma magana irin wannan ta fi kyau a kan takarda, inda mutum zai iya komawa ya sake dubawa.

Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya naɗa ni wasiyyinsa tun yana da ƙarfinsa. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba, domin ni ne wansa, ban ga wanda zan tura wa ba. Yau wata huɗu ke nan ina kan aikin, kuma na kai ƙarshensa. Gida ya zauna a hannun Ummanki bisa yardarku. Rabon kowa yana rubuce a takardar da lauya ya haɗa, kwafinta yana cikin wannan ambulan. Abin da ya fi cin lokaci shi ne shagon gyaran agogo.

Na rubuta miki tun a watan Nuwamba ina tambaya ko akwai abin da ya kamata in sani game da shagon, tunda ke ce kika girma a gindin teburinsa. Ban sami amsa ba. Ba ƙorafi nake yi ba, na san yanayin aikinku. Na dai faɗa ne don ki san ban shiga ba sai da na nemi shawara.

Shekara talatin da huɗu na yi ina kula da siton kamfanin jiragen ƙasa, ban taɓa ganin kaya a hargitse irin na ƙanena ba. Agogo a ƙusa, agogo a gwangwanin madara, agogo a cikin safa. Babu littafi, babu lamba, babu ko guntun rasit. Kwana tara na yi a ciki. Na ware na hannu daban, na bango daban, na tebur daban, masu tafiya a gefe guda, matattu a gefe guda. Na goge kowanne da tsumma, na yanke wasu 'yan zarurruka masu dauɗa da suka maƙale a jikin maɗaurai, na ba kowanne lamba, na jera su a takarda. Mai ƙiyasta kaya da ya zo ya ce bai taɓa ganin jerin kayan gado mai tsabta haka ba. Daga nan dillali ya kwashe.

Guda ɗaya na ware miki, da yardar Ummanki da yayanki. Na same shi a kan koren ƙyallen nan na teburinsa, ƙarƙashin fitila mai lanƙwasasshen wuya, daidai inda hannunsa na dama yake sauka. Farar fuska gare shi, da baƙin maɗaurin fata. Da na duba maɗaurin sai na ga an ƙara huda biyu da ƙusa. Nan na gane irin ramar da ya yi bai faɗa wa kowa ba, na zauna a kujerarsa na daɗe ban tashi ba. Ki riƙe shi, nasa ne.

Saura abu ɗaya. A cikin ambulan akwai takardar sauke nauyi. Ma'anarta ita ce magada sun shaida cewa kowa ya karɓi abin da yake nasa, babu ragi babu ƙari, kuma babu wanda zai sake bin wasiyyi da wata magana a kan wannan gado. Ummanki ta dangwala yatsa, yayanki ya sa hannu. Naki kaɗai ake jira, da alƙalami mai shuɗin tawada, a gaban shaida ɗaya. Da zarar ta dawo zan kai wa magatakardan kotu ya buga hatimi, a rufe fayil. Ba zan ɓoye miki ba, na ƙosa in sauke. Shekaruna sun wuce na ɗaukar amanar wani.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki

*

24 ga Maris

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da gwiwa. Don Allah ka riƙa ɗaura bandejin da na aiko, ba ajiye shi za ka yi a durowa don kada ya tsufa ba. Ina lafiya. Aiki ne dai ba ya ƙarewa. A gaishe min da Umma da Yaya.

Saƙo ya iso tun makonni biyar da suka wuce. Ka yafe min jinkirin, da kuma rashin amsa takardarka ta Nuwamba. Na karanta ta, na ajiye a kan cewa gobe zan amsa. Haka na yi da zuwa duba Baba ma. Ya ce min a waya ya ji sauƙi, in bari sai na gama jarrabawar ƙarin girma. Na san muryar mara lafiya, aikina ne, amma na zaɓi in yarda da shi.

Ga takardar nan na sa hannu. Shugabar sashenmu ce shaida. Ban ma tsaya karanta jerin kayan ba, domin ba ni da bakin tuhumar wanda ya tsaya ya yi abin da ni ban zo na yi ba. Ka kai kotu a rufe. Ina roƙon kada a sake tada maganar shagon.

Agogo ya iso lafiya. Na gode.

Tambaya ɗaya ce da ni. Ɗan gilashin nan da Baba yake maƙalawa a idonsa na dama in yana aiki, mai baƙin baki da ya tsage aka liƙe, yana wajen wa? Ko dillali ya haɗa da shi? In ya tafi shi ke nan, tambaya ce kawai.

'Yarka,
Sakan

*

15 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Sakan,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Muna lafiya. Bandeji yana gwiwa, kin ci nasara. Ummanki ta ce in gaya miki itacen lemun da ke bayan ɗaki ya yi fure.

Takardarki ta iso da sa hannunki, na gode. Na lura da gajartar wasiƙar, na kuma lura da roƙonki na kada a sake tada maganar shago. In jerin kayana ko gaggawata ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri da tsoho. Sai dai dole in saɓa wa roƙon naki, domin takardar tana nan a durowata, ban kai kotu ba.

Ranar da na yi niyyar kaiwa, na biya shago in miƙa wa mai gini makullinsa. Ina tsaye ina kallon ƙusoshin bango da babu komai a jikinsu, sai ga wata dattijuwa da lema a hannu. Ta leƙa, ta ja da baya, ta sake duban allon da ke saman ƙofa.

Ta ce, "Malam, mai agogo ya tashi ne?"

Na ce, "Baiwar Allah, mai agogo ya rasu. Ni wansa ne."

Ta yi salati, ta nemi wuri za ta zauna, babu kujera, domin ita ma na sayar. Na kife mata bokiti.

Ta ce mijinta direban motar kashe gobara ne, ya yi ritaya. Shi da kansa ya kawo agogonsa gyara, da sanda, bai fi mako biyu ba ya kwanta, bai tashi ba. Wata bakwai ke nan. Ta kasa bin wannan layin sai ranar.

Na tambaye ta rasit, domin abin da bakina ya saba tambaya ke nan.

Ta dube ni ta ce, "Rasit? Kai kuwa da gaske wansa ne?"

Na ce da gaske.

Ta ce, "To ai shi ba ya ba da rasit. Jan zare yake ɗaurawa a gabanka. Ya ce duk mai jan zare ba nasa ba ne, ajiya ce. Yaran layin nan ma sun sani."

Sakan, ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Zarurrukan da na yanke da almakashina, ina yaba wa kaina tsabta, su ne littafinsa. Ni na share su da tsintsiya na zuba a kwandon shara. Na zauna na yi ta tunawa, na ƙirga uku. Ashe da ya ji jikinsa ya aika wa mutane sun karɓi kayansu, ukun nan ne suka rage.

Na je wajen lauya. Ya saurare ni yana juya makullin motarsa, ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Magada sun sallame ka, ita kuma ba ta da takarda ko shaida. Ka kai a buga hatimi, ka je ka huta." Na yi masa godiya. Na fito har na kai ƙofar magatakarda, na hau matakalar nan duka, sannan na juyo.

Ni da yayanki muka bi dillali. Ya yi mana dariya son ransa, ya ce yau ya ga mai sito yana neman kayan da ya sallama da hannunsa. Amma mutumin kirki ne, ya bar mu muka zazzage akwatunansa. Da taimakon maƙwabtan shago muka gano biyu, ɗaya na wani tela, ɗaya na wata malamar makaranta, mun mayar musu. Na matar direba ne bai koma ba tukuna. Na ce mata ta ba ni lokaci. Takan zo duk ranar Laraba ta zauna a shagon mai gyaran takalma da ke kusa, ba ta tambayata komai, gaisuwa kawai.

Ba zan kai takardar ba sai wannan ya warware. Ban rubuto don in ɗora miki laifin rashin amsa ba, kada ki ɗauka haka. Almakashin a hannuna yake.

Allah ya tsare ki.

Baffanki

*

12 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Sakan,

Ina gaishe ki, ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Mu nan lafiya. Ummanki ta yi ɗan mura, ta warke.

Kusan wata guda ke nan ina jiran amsarki, kuma na san ban cancanci amsa ba, domin takardata ta baya ba ta cika gaskiya ba. Babu ƙarya a cikinta kalma ko ɗaya, na tsara ta ne dai yadda za ki karanta ba ki gane ba. Na iya wannan, na yi shekaru ina rubuta rahoto.

Na rubuta cewa agogon matar direba bai koma ba tukuna. Ban rubuta cewa na san inda yake ba. A ranar farko, tana zaune a kan bokitin nan, ta kwatanta min shi. Farar fuska, baƙin maɗauri. Ta ce, "Za ka gane shi da huda biyu a maɗaurin. Ni na huda masa da ƙusa da ya fara ramewa, yana ta yi min tsiya wai na ɓata masa fata."

Agogon da na aiko miki ne. Ba na mahaifinki ba ne. Ramar da na zauna na yi wa kuka a kujerarsa, ta wani bawan Allah ce da ban taɓa gani ba.

Na bi dillali ina zazzage akwatuna alhali na san na ukun ba ya ciki. Laraba huɗu ina gaisa da matar nan ina ce mata ana kan nema. Na kasa buɗe baki in ce wa marainiya ta dawo da abu ɗaya tak da aka ba ta na mahaifinta, bayan ni na ce mata nasa ne. Har na shiga kasuwa na nemi irinsa, na samu, na riƙe ƙusa zan huda maɗaurin. Abin da ya hana ni, na tuna ita ta yi hudar, za ta san hannunta. Kin ga ba tsoron Allah ne ya fara tsayar da ni ba, tsoron kunya ne. Wannan ma ina so ki sani.

Akwai na biyu. Kin tambaye ni gilashin idonsa, na yi kamar ban ga tambayar ba. Yana aljihuna. Tun ranar farko da na buɗe shagon na ɗauke shi, ban sa shi a jeri ba. Ni da na taɓa sa aka kori ma'aikaci a kan ƙwan fitila biyu. Na gaya wa kaina ba shi da daraja, mai ƙiyasi ba zai ko dube shi ba. Gaskiyar ita ce, shekara arba'in ƙanena yana wannan sana'a, shigata shagonsa ba ta kai goma ba, kuma duk shigar a tsaye nake, ina duban agogona. Ina ganin aikin ofis ya fi nasa. Da ya tafi sai na so in riƙe abin da yake ganin duniya da shi.

Takardar da kika sa wa hannu ta ce kowa ya karɓi nasa, babu ragi babu ƙari. Na rage muku gilashi, na ƙara miki agogon wani. Ba ki karanta jeri ba kika sallame ni, saboda kin yarda da ni. Ba zan karɓi wannan sallama ba.

Ina roƙon ki dawo da agogon. Ban san da wace fuska nake roƙo ba, amma ina roƙo. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba, zan je in gaya wa matar gaskiya, ta yi min hukuncin da ta ga dama.

Baffanki

*

14 ga Mayu

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Umma da Yaya. Jikina lafiya. Takardarka ta sha biyar ga Afrilu ita ce ta ƙarshe da na samu, kuma tun ranar nake rubuta amsa ina yagawa. Wannan ba zan yaga ba. Tana tafe da ƙaramin kwali, ka buɗe shi a hankali.

Baffa, ka daina wahalar da gwiwarka a wajen dillali. Agogon matar direba yana wajena. Shi ne ka aiko min. Kuma ba daga takardarka na gane ba, na sani tun ranar da na buɗe saƙon.

Baba bai taɓa ɗaura agogo a hannunsa ba. Yakan ce mutumin da agogo sittin suke yi wa ihu a ka ba ya bukatar na sittin da ɗaya. Da na karanta inda ka ce nasa ne, na san ba haka ba ne. Na sa wuƙar buɗe wasiƙa na ɓalle murfin baya, yadda ya koya min ina 'yar shekara tara. Kayan sayarwarsa ba ya yi musu alama. Na mutane kuwa, duk gyaran da ya yi sai ya zana kwanan wata a cikin murfin da bakin allura, da sana'ar mai shi. Na kai shi ɗakin gwaje-gwajenmu na duba da gilashi. An rubuta "gobara", da kwanakin gyara guda shida. Na ƙarshen kwana uku ne kafin a kwantar da Baba a asibiti.

Aikin ƙarshe da hannunsa ya yi ke nan, Baffa. Shi ya sa ka same shi a kan koren ƙyalle. Duk agogon da ya gyara ba a zo karɓa ba, yakan wana shi kowace safiya don kada mai ya daskare a ciki.

Na san na wani ne. Na san akwai jan zare da ya kamata in gani ban gani ba. Da a ranar na ɗauki alƙalami, da ba a kai ga bokiti da Laraba ba. Makonni biyar na yi ina kallonsa, sannan na sa hannu a takardarka da sauri, na ce kada a sake tada maganar shago. Ka ɗauka fushi nake da kai. Ba fushi ba ne. So nake a buga hatimi a rufe, ya zama nawa a takarda. Na ce wa kaina mai shi ya manta, ko ya mutu. Ashe ya mutun, ya bar mai jira.

Da takardarka ta zo ka ce almakashin a hannunka yake, na ji kamar ka mare ni, don na san da na amsa ta Nuwamba da layi ɗaya ya isa: Baffa, kada ka taɓa jan zare. Layi ɗaya. Na san ba da nufin mari ka rubuta ba. Duk da haka sai da na ƙara makonni ina wana shi kowace safiya kafin in tafi aiki, a kan lokacin gida, ba na ƙasar nan da nake ba. Abokiyar aikina har tana tsokanata wai agogona ya fi ni son komawa gida.

Baba ne ya sa min Sakan don ba na zama wuri ɗaya, kamar hannun sakan na agogo. Ga shi duk abin da ya kamata in yi da wuri na makara a kansa.

Ka kai mata. Ka gaya mata jinkirin daga wajena ne, kada ka rufa min asiri. Zai iso a tsaye, sai ka wana shi, sau goma sha biyar, kada ka wuce. In kana so ka ga rubutun Baba, ido ba zai gani ba, sai da gilashi irin nasa.

Sa hannuna da ke takardarka ba na gaskiya ba ne. Na shaida na karɓi abin da yake nawa alhali na san ba nawa ba ne. Ka yaga ta. Ka yafe min.

'Yarka,
Sakan

*

2 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Sakan,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Muna lafiya ƙalau. Lemun Ummanki ya fara 'ya'ya, ta hana kowa taɓawa.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ina jin a ranar da nake karanta taki, ke ma kina karanta tawa. Na karanta sau uku. Ban san ƙanena ba ya ɗaura agogo ba. Na tambayi Ummanki, ta dube ni irin duban da matar direba ta yi min, ta ce, "Yaya, sai yau?" 

Maganar yafiya, na yafe, in akwai abin yafewa. Ke ma ki duba tawa.

Na ɓalle murfin kamar yadda kika kwatanta, bayan na yanki ɗan yatsa. Na fito da gilashin daga aljihuna na maƙala a ido. Sau biyu yana faɗowa, yayanki yana dariya, ya ce fuskata ba ta sana'a ba ce. A karo na uku ya zauna. Na ga rubutun. Ƙanana ne ƙwarai, a jere, babu wanda ya karkace, har na ƙarshen da ya yi yana cikin ciwo. Ni da na ce ba shi da littafi. Ban taɓa riƙe littafi mai tsabtar wannan ba.

Ranar Laraba na same ta a shagon mai gyaran takalma. Na wana shi sau goma sha biyar, na daidaita lokaci, na miƙa mata. Ba ta dubi fuskarsa ba, maɗaurin ta juya. Ta sa babban yatsa a kan hudar nan biyu, sannan ta kai shi kunne.

Na gaya mata komai, nawa da naki, kamar yadda kika ce. Na faɗa mata tun ranar farko na san inda yake.

Ta ce, "Na sani, Malam. Ina faɗin huda biyu na ga fuskarka ta canza. Shi ya sa ban sake tambaya ba, na dai riƙa zuwa."

Mai gyaran takalma ya ce, "Ni kuwa na ɗauka zawarci ake yi, har na fara share wuri."

Ta ɗaga masa lema, ya sunkuya. Sannan ta tambaye ni ko yarinyar ta kula da shi. Na ce kowace safiya kike wana shi. Ta ce a gaya miki ta gode da riƙo, kuma in kin zo gida ki je ki ji shi, yana kan rediyo, inda mai shi yake ajiyewa.

Tsohuwar takardar na yaga ta a gaban lauya. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wanda aka sallama ya dawo da kansa ba, kuma sabuwa sai an sake bugawa. Na ce a buga. An cire agogo uku daga jeri, an rubuta dalili. An ƙara abu ɗaya a ƙasa, lamba ta ɗari da goma sha takwas: gilashin ido na gyaran agogo, baki ya tsage, an liƙe. Na gaya wa Ummanki da yayanki inda ya kwana duk watannin nan. Ummanki ta ce in riƙe, yayanki ma haka. Na ce a'a, akwai wadda ta tambaya. Suka yarda ya zama naki, suka sa hannu.

Sabuwar takardar tana cikin ambulan. Wannan karon ki karanta jerin daga farko har ƙarshe, ki tambayi duk abin da ba ki gane ba, ko da zai kai wata shida. Na daina gaggawa. In kin gamsu ki sa hannu, sannan in hau matakalar nan.

Gilashin yana cikin kwalin da kika aiko da agogo, na naɗe shi da guntun koren ƙyallen. Za ki ga jan zare a jikinsa. Ni na ɗaura, tun ranar da suka ce naki ne, domin ya ƙara kwana biyar a wajena kafin in sami zuwa gidan waya. Ɗaurin bai yi kyau ba, ban iya ba. In ya iso hannunki, ki yanke da kanki.

Allah ya jiƙan mahaifinki, ya yi miki albarka.

Baffanki